Gilashin Agogon Rosalba

Ranar Lahadi da ƙarfe biyu daidai, Ettore Bassani ya ɗauki makullin agogon bangon kicin zai murza shi, kamar yadda ya saba shekara talatin da ɗaya. Ya kai hannu zai buɗe gilashin, sai yatsansa ya dungure kan allurar minti. Babu gilashi.

Bai tsaya tambayar kowa ba. Mutum biyu ne suke da makullin gidan nan, shi da 'yarsa Loretta. Wata takwas ke nan da ta ajiye aikin buga tafireta ta koma unguwar Haight, inda samarin San Francisco suka daina aski a shekarar nan ta 1967, wai ita mai haska launi ce a gidan rawa. Ya san tana shigowa ta bayan shagonsa na gyaran agogo tana kwasar tsofaffin gilasan agogo, ya yi kamar bai gani ba. Amma wannan agogon na Rosalba ne, matarsa da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Wannan kam ta taɓo inda ba a taɓawa.

Ya sa kwat, ya ɗaura lakataye, ya kifa hula. A cikin bas ya shirya jawabinsa: ta ba shi gilashi, ta ba shi makullin gida, kada ta sake tako masa ƙofa. Ya auna da agogon hannunsa, daƙiƙa ashirin ne. Ettore mutum ne da ko fushi sai ya auna shi.

Gidan rawan tsohon sito ne na dardumai, an shafe tagoginsa da baƙin fenti don a samu duhu da rana tsaka. Kafin ya hau gangaren unguwar ya iso, maƙogwaronsa ya bushe. A bakin ƙofa ga tebur da bokiti biyu na lemo, ba kowa a wurin. Ludayin ɗaya tsirara yake, na ɗayan an ɗaura masa shuɗin ƙyalle. Duk wanda ya kwana biyu a unguwar ya san bokiti mai ƙyalle shi ne aka ɗiga wa maganin nan da suke kira asid, wanda ɗigo guda yake juya wa mutum duniya yini sur. Ettore dai ya ga an kula da ludayin, ya ce waɗannan su ne masu tsabta. Ya sha kofi biyu.

Ciki kuwa ƙara ce kamar ana rushe gini. Wani dogon saurayi mai gashi har kafaɗa ya tare shi.

"Sannu, Baba. Ɗan sanda ne kai, ko wani ya mutu?"

"Loretta Bassani nake nema."

"Ah, kai ne mai agogo. Ni ne Wendell, ni nake ɗaukar mata kaya. Tana can sama kan majigi. Bari waƙar nan ta ƙare."

Ettore ya jingina da ginshiƙi ya duba agogo. Uku da minti goma. Waƙa ai minti uku ce, ko huɗu in mawaƙin ya cika surutu. Uku da rabi ta yi, mai jita bai ko nuna alamar gajiya ba. Ya kama tsirkiya guda yana lanƙwasa ta, tana kuka, tana dawowa, kamar kyanwar da aka rufe a gwangwani. Mai ganga kuma, abin da ya fi ci wa Ettore rai, yana makara kaɗan a kowane bugu na huɗu. Da agogo ne da tuni ya kwance shi.

Huɗu saura kwata ya sake dubawa, sai ya ga allurar daƙiƙa ta tsaya ta waiwayo shi. Ta ɗan rusuna, ta gaishe shi, sannan ta ci gaba da tafiya tana rangaji. Ettore ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, ya ɗauka amai ne, ya toshe baki. Ashe dariya ce. Ta ɓalle masa ta hanci, ta kunnuwa, har hularsa tana rawa. Rabonsa da irin wannan dariya tun Rosalba tana da rai.

Daga nan sai abubuwa suka saki jiki. Daɓen ɗakin ya fara numfashi a hankali, ya ji tausayinsa, mutane ɗari uku a bayansa amma ko ƙorafi. Sautin jitar ya zo masa da ɗanɗanon lemon zaƙi, na wani molo mai kaurin murya kuma ruwan ƙasa ne, mai ɗumi, yana bi ta gwiwoyinsa. Wata yarinya ta wuce tana juya hannu, hannun ya bar hannaye goma sha biyu a iska, ya tsaya ya ƙirga su. Ya lura ginshiƙin da ya jingina da shi ya daɗe yana tsaye, ya ɗaga masa hula ya ba shi haƙuri.

Wendell ya dawo ya leƙa idonsa.

"Baba, wane bokiti ka sha?"

"Mai tsabta."

"Mai ƙyalle? Kofi nawa?"

"Biyu. Yaro, wa ya koya wa takalmana magana?"

"Kai, Loretta za ta kashe ni," in ji Wendell, yana dariya yana dafe kai. "Ba komai, Baba, ba mutuwa za ka yi ba. Duk abin da ya zo, ka ce masa sannu da zuwa. Taho mu hau."

Matakalar goma sha ɗaya ce, kowace da halinta. Shi da ta bakwai ma sun saba sosai, da ƙyar Wendell ya raba su. A saman bene Ettore ya juyo, ya ga bangon da ke bayan makaɗan gaba ɗaya, tun daga ƙasa har rufi. Ja yana haɗiye shuɗi, rawaya tana haihuwar 'ya'ya, 'ya'yan suna fashewa su zama idanu. A tsakiyar wannan hauka akwai abu guda da ba ya motsi, wani siririn zane mai lanƙwasa, tsawonsa ya kai kwale-kwale.

Dariyar ta tsaya masa cak. Ya san zanen nan. Satinsu na farko da aure Rosalba tana goge agogon, zobenta ya karce gilashin, ɗan karcen da bai kai farce ba. Kwana uku yana mita. Daga ƙarshe ta ce masa ai sa hannu ta yi, don ya san agogon na wane ne. Ga shi yau sa hannun nata ya cika bango, mutane ɗari uku suna rawa a ƙarƙashinsa. Kewarta ta kama shi har ya rasa inda zai dafa.

Loretta tana sunkuye kan majigi irin na makaranta. Ta ɗora babban gilashin agogon kicin ɗin kan hasken, ta zuba mai da ruwan kala a cikinsa, tana danna ƙarami a sama. Ta ɗago ta gan shi, hawaye har kan lakataye, bakinsa kuma a washe.

"Baba? Me kake yi a nan?" Ta dubi Wendell, ya ɗaga yatsu biyu, alamar kofi biyu ya sha. Ta ce, "Wendell, in waƙar nan ta ƙare ka nemi garin da za ka koma."

Ta saki gilashin ta kama hannun ubanta. Launin bango ya daskare, 'yan rawa a ƙasa suka fara ihu.

"Aikinki ya tsaya," in ji Ettore.

"Ya tsaya ɗin. Zauna, Baba."

"Tun ɗazu nake kallo. Dannawa kike kamar mai dakan tafarnuwa. Matsa."

Ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Duniya duk tana lilo, amma yatsun da suka yi shekara arba'in suna ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba ko gezau. Ya riƙe gefen ƙaramin gilashin da yatsa uku ya fara taɓawa, tik, tak, tik, tak. Jan launin ya buɗe ya rufe kamar zuciya. Mai ganga ya ɗaga kai ya ga bango yana bugawa daidai, ya bi shi, karon farko a rayuwarsa ya iso bugu na huɗu a kan lokaci. Ɗakin ya ɗauki sowa.

"Na gyara shi," Ettore ya ce, yana haki don murna. "Loretta, na gyara mai ganga."

Ita tana ɗiga kala, shi yana bugawa, kafaɗa da kafaɗa, har makaɗan suka gaji suka sauka. Aka kunna fitilu. Sai Ettore ya tuna ya zo da jawabi. Ya miƙe, ya gyara lakataye, ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Sau ɗari bakwai da ashirin na ci abinci ni kaɗai."

Loretta ta kashe majigin. Can ta ce, "Duk Alhamis in ka tafi wurin mai aski ina shigowa. Ina zama a kicin, in sha kofinka, in wanke kofin in mayar."

"Shi ya sa kunnen kofin yake kallon hagu."

"Ina da gilasai sun fi ashirin, Baba. Wannan ne kaɗai in na haska nake ganin hannun Mama."

Ta tsiyaye man, ta goge gilashin da gefen rigarta har ya yi ƙal, ta naɗe shi a jarida. Sannan ta ciro igiyar wuyanta, makullin gidan yana reto a jiki, ta ɗora a kai ta miƙa masa duka.

"Na san abin da ya kawo ka. Lakatayen jana'iza ka sa."

Ettore ya dubi makullin. Makullin ma ya dube shi, kuma ga dukkan alamu ba shi da niyyar komawa aljihunsa. Ya naɗe mata yatsu a kansa, ya tura mata ƙunshin jaridar.

Suka fito waje, rana ta yi sanyi, ta riƙe masa hannu don gangaren yana ta sauya ra'ayi. Ya gaishe da motoci biyu da wata bishiya. Sai da suka kusa tashar bas ya yi gyaran murya.

"Agogon da ba gilashi ƙura yake sha. Sai an riƙa goge shi duk Lahadi, ni kuma idona ya fara rauni."

"Idonka da ya hango karce daga ƙarshen sito?"

"Kar ki yi min gardama a gaban bishiya."

Ta yi dariya tana share ido da bayan hannu. "To, ƙarfe nawa zan zo?"

Ettore ya ɗaga hannu ya duba agogonsa. Allurai ukun sun rungume juna suna rawa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sauke hannun rigar ya rufe su.

"Duk lokacin da kika zo," ya ce.