Makullin Motar Ɗanzomo

Sau uku ina zuwa Ɗanzomo a kan motar nan, sau ukun kuma ina barinta tana tashi lafiya lau. Da na ga kira na huɗu ya shigo, sai da na ji kunya tun kafin in ɗaga wayar.

Ni bakanike ne a Gumel, Hamza ake ce mini. Motar ta Alhaji Abdulfatah ce, ɗan Ɗanzomo da ke aiki a Fatakwal. Ta hannu ya saya, ta iyakar Maigatari aka shigo da ita, ja ce, gajeriya, ta kusa shekara ashirin. Injinta ba irin na sauran motoci ba ne. Babu fistin ko ɗaya a ciki, wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku-uku suke juyawa. Ni ma a bidiyon waya na fara ganin cikinsa. Ba na jin yaren masu bayanin, hannunsu nake kallo. Filogi huɗu gare ta, da koyil huɗu masu ba su wuta.

A gidan mahaifinsa, Baba Barau, ya ajiye ta, a ƙarƙashin rumfar kara. Ya ce wa tsohon ya riƙa tayar da ita kullum kada batir ya mutu. Amma ba ta rufa sati uku sai ta ƙi tashi. Zuwan farko na canza filogi. Na biyu na canza koyil da wayoyinsu. Na uku na zargi man bumburutu, na juye tankin kaf, na sa sabon batir.

“Hamza, na gaji,” in ji Alhaji a wayar. “In ka tayar da ita, ka kai ta gidan surukina a Gumel, ka ba shi makullin. Ina zaton yaran unguwa ake bari suna wasa da ita. Baba ya tsufa, ba zai iya kula ba.”

Na ce to, Alhaji.

Da hantsi na isa a kan babur. Lokacin kaka ne, an jera dammunan gero a ƙofar gidan. Iya Zinariya, matar Baba, ta kawo mini fura a kwano, ta zauna nesa kaɗan tana tsintar wake. Alhaji ɗanta ne na fari, don haka ba ta faɗin sunansa.

“Mai motar ya kira ka?” ta tambaye ni.

“Ya kira, Iya.”

“Ya kira mu ma jiya. Malam bai ci tuwo ba.” Ta jefar da wani dutse daga cikin waken. “Shanu an ba ’ya’yan ƙaninsa, wai ya huta. Gona an sa ’yan ƙwadago, wai ya huta. Makullin nan ne kaɗai aka bari a hannunsa. Babu yaron da ya isa ya matso kusa da motar nan. Ko zabi aka ga sun hau kanta, ranar nan sai mun sha faɗa.”

Baba ya fito, dogo, siriri, ya gaisa da ni har da tambayar mutanen gareji ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro makullin daga wuyansa. A igiyar fata yake rataye shi a cikin riga.

Na buɗe bonet na ciro filogin. Duk huɗun sun yi baƙi ƙirin, jiƙe sharaf, sai warin fetur. Na gwada koyil ɗin ɗaya-ɗaya, kowanne yana ba da wuta shuɗiya mai ƙarfi. Na tsaya ina kallo. Tun zuwan farko wuta nake bi, ga shi wutar lafiyarta ƙalau. Filogin ne ke nutsewa a cikin mai kafin su kama.

Na wanke su, na busar, na ɗiga ɗan baƙin mai a ramukansu, na mayar. Na danne totur har ƙasa na yi ta murza makulli. A murzawa ta biyar ta yi tari, ta kama, ta cika gidan da farin hayaƙi har Iya ta kwashi wakenta ta koma zaure. Na bar ta tana aiki sai da ta yi zafi.

Ina zaune a ciki idona ya faɗa kan lambar da ke ƙirga nisan tafiyar motar. Na taɓa ɗaukar hotonta a zuwan da ya wuce, sai na duba waya. Lambar ba ta motsa ba ko da ɗaya. Man da na zuba ma kusan yana nan yadda na bar shi. Mota ana tayar da ita kullum, sati uku, amma mai bai ragu ba.

Na kashe ta na fito. “Baba, don Allah nuna mini yadda kake tayar da ita da safe.”

Ya ji daɗin tambayar. Ya ɗauko tsumma ya goge hannun ƙofa, ya cire takalmansa ya ajiye a waje, ya shiga ya zauna a bakin kujera. Ya yi Bisimilla ya murza. Ta tashi. Na ga leɓensa yana motsi. Kafin in gyara tsayuwa ya kashe ta.

“Shi ke nan, Baba?”

“Shi ke nan. Ƙulhuwallahu ƙafa uku, sai in kashe. Kada a ƙona wa yaro mai a banza.”

“Kullum haka?”

“Daga dawowa masallaci da asuba. Ban taɓa fashi ba, ko ranar da na yi zazzaɓi.”

Na tsuguna a gefen ƙofar don kada in yi masa magana daga sama. Na ce masa irin wannan injin, in yana da sanyi, mai da yawa yake zubawa, kamar yadda ake zuba wa gawayi kananzir. In an bar shi ya yi zafi sai ya ƙone man. In aka kashe shi nan take, man sai ya kwanta a ciki. Gobe a ƙara masa, jibi a ƙara, har filogi su jiƙe su daina kamawa.

Ya dubi sitiyari.

“Wato ni ne,” ya ce.

“Ni ma da laifina, Baba. Na san kana tayar da ita, ban taɓa tambayar minti nawa ba.” Na yi ƙasa da murya. “Zan iya ce wa Alhaji koyil ɗin da na sa ne ba su da kyau. Yanzu kai ka san yadda za ka yi, ba za ta sake ba.”

“A’a, ɗana. Sai ya daina kawo maka aiki a kan abin da ba ka yi ba? Kira mini shi.”

Na kira na sa a sifika. Baba ya karɓi wayar da hannu biyu.

“Kana ji na? An gano ciwon motarka. Ba yara ba ne, ni ne nake lalata ta. Ga Hamza zai yi maka bayani, sannan ya kai ta inda ka ce.”

Na yi bayanin kamar yadda na yi wa Baba. Na faɗa masa har da Ƙulhuwallahu ƙafa ukun. Can ɓangaren ana jin ƙarar motocin Fatakwal.

“Baba,” Alhaji ya ce daga baya, “kullum da asuba kake yi?”

“Kai ka ce kullum.”

“Na ce. Ban ce a bar ta ta yi zafi ba, don ni ma ban sani ba. Ka yafe mini maganar jiya.” Ya ja numfashi. “To Hamza, in an bar ta a nan, me take buƙata?”

Na ce ba sai kullum ba, sau biyu a sati ya isa, amma a bar ta tana aiki har allurar zafi ta hau tsakiya. Kuma ko sau ɗaya a sati a fita da ita kan kwalta a taka ta sosai. Wannan injin zama ne yake cutar da shi.

“Ka ga matsalar ke nan,” in ji Alhaji. “Baba ba ya tuƙi.”

“Tayyiba fa?” Iya ce ta faɗa daga bakin zaure. Tayyiba ƙanwar Alhaji ce, tana koyarwa a Sule Tankarkar. “Duk Asabar tana zuwa. Motar mijinta wa yake ja in ba ita ba?”

“Iya, Tayyiba gudu gare ta.”

“Ai yanzu aka ce gudun ake so. Ko ni ce ban ji daidai ba, Hamza?”

“Daidai kika ji, Iya.”

Alhaji ya yi dariya, karo na farko tun da na san shi. “Shi ke nan. Amma makulli a wurin Baba zai zauna. In ta zo ta roƙa, in ta dawo ta mayar masa a hannu. Zan kira surukina in ce ya bari.”

Baba ya ce “Allah ya yi albarka,” ya miƙo mini wayar.

Sauran aiki ɗaya ya rage. Na nuna masa allurar zafin, ya matso har goshinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce shi dai baƙi-baƙi yake gani. Iya ta leƙo ta taga ta ce ita tana ganinta sarai. Aka tsaya a kan shi zai tayar, ita za ta faɗi lokacin kashewa.

“Yanzu sai na jira izininta ke nan,” in ji Baba.

“Shekara arba’in ina jiran naka, Malam.”

Na ce dole in fita da motar yau ta ƙone sauran man da ke ciki. Baba ya tambaye ni ko akwai laifi in ya bi ni, ya je ya faɗa wa Tayyiba da bakinsa. A nan na ji cewa shekara ɗaya da rabi tana gidansa bai taɓa zama a cikinta tana tafiya ba.

Na bi yashin cikin gari a hankali saboda gajartarta. Da muka hau kwalta ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan a kan gwiwa. Muka wuce wasu amalanke biyu ɗauke da gero, masu su suka ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu.

“Wannan shi ne gudun da ka ce?” ya tambaye ni.

“A’a, Baba, lallaɓa ta nake saboda kai.”

“To kada ka cuce ta saboda ni. Ƙara mata.”

Na ƙara.