Sunan Bambo Likongwe a Ƙasan Shafi

Shekara tara Dakta Esnath Namaona ta yi tana bin sawun tsargiya a ƙauyukan bakin tafkin Chilwa, tana son gano inda cutar ke kama yaran masunta da watan da ta fi tsananta. Amma in za a faɗi gaskiya, ba ita ke shiga ruwan ba. Bambo Likongwe ne (Bambo kamar a ce Malam ne a yarensu), ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen sashensu a jami'ar garin Zomba, wani ɗan tsamurmurin dattijo mai takalmin roba har gwiwa. Shi ya san lungun da dodon koɗi mai ɗauke da cutar ke taruwa bayan ruwan Janairu. Shi ke zama da iyaye mata yana lallashi har su yarda a auna fitsarin 'ya'yansu. Sau biyu cutar na kama shi a kan aikin.

Wata rana suna cin nsima, tuwon masara, da soyayyun ƙananan kifin matemba a gindin mangwaro ta ce masa, "Bambo, ranar da aikin nan ya fito a mujalla, sunanka na nan kusa da nawa."

"Ni da ko sakandare ban gama ba? Mayi, kar ki sa in fara tafiya irin ta minista, matata ta kore ni."

Mayi, wato Uwa, haka yake kiranta. Ya yi dariya, amma kafin mako ya zagayo duk Kachulu, ƙauyensa, an ji labari.

A shekarar da ya yi ritaya aka gama rubutun, babbar mujallar da ta aika wa kuma ta karɓa. A shekarar ne dai mujallar ta daina sayar da kanta ga ɗakunan karatu, ta ce daga yanzu kowa ya karanta kyauta. Babu wanda ya kai Fatsani Mbewe murna. Ita ce mai kula da mujallu a laburaren jami'ar, ƙawar Esnath tun suna 'yan mata, kuma ta gaji da soke mujallu ɗaya bayan ɗaya duk sanda darajar kwacha, kuɗin ƙasar, ta faɗi.

Esnath ta same ta a ofis, ta ajiye mata wasiƙar mujallar a kan tebur. "Karanta min wannan, sarauniyar kyauta."

Fatsani ta karanta, ta cire tabarau. Kuɗin bugawa da ake nema a hannun marubuciya ya fi albashinta na shekara.

"Kuɗin bai mutu ba, ƙawata, gida ya sauya. Da mai karatu ke biya, yanzu mai rubutu. Amma ana yafe wa irinmu. Bari in rubuta musu."

Ta rubuta har sau uku. Amsar ba ta canza ba: ana yafewa ne idan duk marubutan daga ƙasashe marasa ƙarfi suke, alhali a cikin sunayen akwai Dakta Ruben, wani matashin Bature da aka auna samfuran a ɗakin gwajinsa. Cire shi kuwa ba zai yiwu ba, ya yi aikinsa.

Ruben ɗin ne ya kawo mafita, da zuciya ɗaya kuma. Jami'arsa ta ƙulla yarjejeniya da masu mujallar, tana biya wa malamanta. Sharaɗi ɗaya ne: shi zai zama jagoran marubutan, mai magana da yawunsu. Esnath ta yi kwana biyu tana juya maganar, sannan ta ce to. Yaran Chilwa ba suna suke jira ba, magani suke jira.

Ana saura kwana uku a rufe karɓa sai ga wani saƙon. Ofishin da ke biyan kuɗin na son adireshin jami'a da lambar shaida ta kowane marubuci. Likongwe ya bar aiki, ba shi da ko ɗaya. Ruben ya ce a sa shi a layin godiya tukuna, daga baya a gyara. Esnath ta buɗe shafin amsa. Ta rubuta "a'a", ta goge. Ta tuna cewa in wannan dama ta wuce, sai wata shekarar, ko ma babu. Ta sake cewa to.

Aikin ya fito a watan Yuni. Wata tashar rediyo ta ba da labarin binciken da wani masani daga Turai ya jagoranta a tafkin Chilwa. Esnath ta kashe rediyon, ta sayi sukari da sabulu, ta kama hanyar Kachulu. Duk tsawon hanyar tana shirya yadda za ta faɗa masa a hankali, ko ma ta ce ba a buga ba tukuna.

Ta tarar da shi kan tabarma a baranda, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. 'Yarsa Tamandani, malamar firamare, ta amsa gaisuwa ba tare da ta ɗago kai ba.

"Mun riga mun gani, Dakta," in ji ta. "Kyauta ne ai. A wayata na buɗe, ranar da ya fito. Na tara masa maƙwabta, har shugaban cocinmu ya zo. Na karanta sunayen sama sau biyu, na ɗauka idona ne."

"Tamandani, ya isa."

"Bai isa ba, Baba. Can ƙasa na same ka, tsakanin direba da kamfanin da ya ba da kwalabe. Ko harafin sunanka ba su rubuta daidai ba."

Esnath ta durƙusa a gefen tabarmar. Duk maganar da ta shirya ta gudu. "Bambo, ba Ruben ba ne. An tambaye ni, ni na yarda."

Dattijon ya kalli tafkin. Bai yi fushi ba, wannan ne ma ya fi ci mata rai.

"Tashi, Mayi, zaninki zai ɓaci. Sun dai rubuta cewa Afrilu ne ya kamata a raba wa yara magani?"

"Sun rubuta."

"Da maganar mashigin ruwa na Chisi?"

"Har da taswirarka."

"To, ai shi ke nan." Ya gyara zama da ƙyar. "Sai dai mutanen nan da aka tara. Yanzu in na fita sai su ce, ga minista nan."

Ta so ta yi kuka, ta ga ba ta da hurumin yi a gidan. Aka kawo shayi, ta sha rabi, ta yi sallama.

Tun daga ranar ta shiga neman gyara. Fatsani ta samo masa lambar shaidar da kanta, ta kuma roƙi shugaban sashe ya ba da takardar cewa ma'aikacinsu ne. Ruben ya sa hannu nan take, yana ta ba da haƙuri. Mujallar ta ce kwamiti zai duba. Likongwe ya rasu da ruwan farko na Nuwamba. Esnath ta je jana'iza ta tsaya can baya tare da matan da ke dafa abinci.

A watan Maris gyaran ya fito: layi uku a wani shafi daban, da sunansa cikakke, Wyson Likongwe, na uku a jerin marubuta. Fatsani ta buga shi a takarda mai kauri ta kawo mata ofis. 

"Ni na yi ta yawo ina wa'azin karatun kyautan nan," in ji Fatsani. "Har yanzu kuma ina ganin gara haka da da. Amma kin ga, ban taɓa tambayar wa za a bari a waje ba."

Esnath ta ɗauki hoton takardar ta aika wa Tamandani. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo, kalma biyu kacal: "Mun gani."