Kasetocin Umma Kalla

Da aka raba kayan Umma bayan rasuwarta, tukwane sun rabu, zannuwa sun rabu, kaset goma sha huɗu ne suka ƙi rabuwa. Umma Kalla, mahaifiyata, zabiya ce. Duk bikin da aka yi a unguwarmu ta Zangouettin kafin a kawo motocin rusau, in ba ta yi waƙa a wurin ba, amarya ce take kuka da gaske. Kasetocin nan na bidiyo su ne abin da ya rage na muryarta, da na unguwar ma baki ɗaya.

Ƙanena Abdulƙudus ne ya ce a juye su cikin na'ura kafin su lalace. Ni na goya yaron nan har ya yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba, amma tun da ya tara gemu ya ɗage wando, gaisuwarsa ma sai ta zo da wa'azi a gindinta. Shi ke da babur, shi ya kwashi kasetocin ya kai shagon wani mai gyaran tele, wato talabijin, a unguwar Bilbalogho, sunansa Aliyu Sani. Bayan an gama juyewa aka ce in zo mu zaɓi akwatin da za a zuba su.

Aliyu ya ajiye mana biyu a kan tebur. Na farko bai fi sabulun wanki ba. Ka jona shi da tele, abin da aka zuba a ciki yana nan, ba mai taɓawa sai wanda ya shigo ɗakinka. Na biyu ya kai kwalin sukari, yana kama wifi, 'yan'uwanmu na Yamai ma za su kalla a wayoyinsu. Sai dai mutum ɗaya ne mai riƙe lambar sirri, shi ke buɗe abin da ya so, ya rufe abin da ya ga dama.

"Wannan babban za mu ɗauka," in ji Abdulƙudus. "Ni zan riƙe kod ɗin, lambar sirrin."

"Kai wa?"

"Yaya Bara'atu, ni ne namiji a gidan."

"Namijin da ke toshe kunne in an sa waƙar uwarsa? In ba ka kod yau, gobe mu tarar da Umma tana salla kawai?"

Ya ce akwai wuraren da ɗankwalinta ya zame, maza suna tsaye suna kallo. Na ce da wannan zamewar ɗankwalin aka biya masa kuɗin lakwal, makarantar boko, har ya iya Faransancin da yake yi mana iyayi da shi. Aliyu ya duƙar da kai yana goge teburin da ba ƙura a kai. Mutane suka fara leƙowa daga titi. Ban kuma rage murya ba, don ni 'yar zabiya ce.

"Ƙaramin nake so, a ɗakina, a Tanghin. Wanda ke son ganin Umma ya tako da ƙafarsa."

Na shirya mu yini a nan, sai kawai ya kaɗa kafaɗa. "Bon. Ɗauki wanda kike so, Yaya." Na fito ina jin kaina sama, wai na kayar da shi.

Ranar Lahadi na tara ƙawayen Umma da suka rage, tsofaffin Zangouettin da rusau ya watsa ko'ina cikin gari. Na dafa shinkafa, 'yata Nabila ta jona akwatin. Hoto ya fito: ga lungunmu, ga bishiyar da ke ƙofar gidan masu goro, ga Umma cikin shuɗin leshi ta ɗaga hannu ta buɗe baki.

Ba mu ji komai ba. Nabila ta ƙara sauti har ƙarshe. Ta canza zuwa hoton kaset na biyu, na uku. Makaɗa suna dukan kalangu, mata suna guɗa, duk a shiru.

Na kira Aliyu. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce, "Hajiya, ɗan'uwanki ne ya ce hoto kawai zan ɗauka, kar in jona wayar sauti. Na zata kun yi shawara. Kasetocin kuma ya karɓe tun ranar."

Na kira Abdulƙudus, na buɗe sautin wayar don kowa ya ji.

"Ina kasetocin?"

"Na ƙone su."

"Ka me?"

"Yaya, duk wanda ya saurari waƙar nan, ita ake rubuta wa a kabari. Sauke mata nauyi na yi. Kin samu akwatinki, me kuma?"

Na ce masa abin da ban taɓa faɗa wa ɗan'uwa ba: kar ya zo jana'izata. Ya ce Allah ya shirye ni, ya kashe waya.

Tsofaffin nan ba wadda ta tashi. Inna Rasmata, maƙwabciyarmu ta dā, Bamosiya ce, ba Bahaushiya ba, amma ba bikin da ta bari, ta nuna tele da haɓa. "Wannan ta rakiyar amarya ce take yi. Bara'atu, cika mata mana, ke kika tashi a gabanta."

Na gyara zama, na kalli bakin Umma, na ɗauko. Baitin farko ya fito daidai. Na biyu na nema na rasa. Shekara da shekaru na saki jiki, ina cewa ai yana cikin kaset. Umma kuma ta ci gaba da motsa baki a gabanmu har hoton ya ƙare.