Ƙasar da Ba Ta Bushewa

Tun kafin mai haƙa ya kashe injinsa ruwa ya fara tsattsafowa a gindin ramin. Illiassou ya tsaya a baki yana duban bangonsa yadda aka koya masa a jami'ar Lyon, daga sama zuwa ƙasa. Baƙar ƙasa taki ɗaya, saiwar ciyawa ta saƙe ta. Ƙarƙashinta wata ruwan makuba, mai laushi kamar garin alkama, wadda Faransawa ke kira limon. Can gindi kuma yumɓu ne mai ɗigo-ɗigon tsatsa, shaidar da ba ta ƙarya cewa ruwa na kwana a nan duk tsawon hunturu.

Shekaru ya yi yana shiga irin waɗannan ramuka a tuddan yammacin Lyon, yana rarraba ƙasar gonakin mutane aji-aji don a ba shi digiri. Ya san wannan ƙasa fiye da fuskar maƙwabcinsa. Tana fitar da ciyawar shanu, tana shan ruwa ba ta saki, in sanyi ya tsananta ta daskare ta kumbura. Bai taɓa zaton za a nuna masa ita a ce ga makwancin matarsa ba.

"Kafin gobe ruwan zai kai ina?" ya tambayi mai haƙa da Faransanci.

Mutumin ya nuna gwiwarsa. "Mukan kwashe kafin a iso da akwatin gawa. Dangi ba sa son gani."

Jiya da hantsi matarsa Raliatou ta cika a asibiti, a watan Fabrairun 1994. A duk kewayen, wannan maƙabarta ta kan tudu ce kaɗai ke da sauran fili a ɓangaren Musulmi. Ita kuwa Raliatou, 'yar Mirya ta ƙasar Damagaram, ba ta da maƙiyi a duniya sai sanyi. Da ciwon ƙirji ya hana ta taɓa ruwa, Illiassou ya kawo mata ƙasa daga ɗakin bincike don ta yi taimama. Ta murza ta, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai sabulu ne, Malam. Da wannan kake so in gai da Ubangijina?"

Sai ya ɗauko mata jakar rairayin da ya ɗebo a gonar mahaifinta, wanda ya zo da shi don kwatance a bincikensa. Da shi ta yi ta salla har ƙarshe. Wata rana tana kakkaɓe tafinta ta ce, "Ko me zai faru, kada ka bar ni cikin jiƙa." Ya ce mata ta daina irin wannan magana. Amsar maza ke nan in ba su da wata.

Daga maƙabarta ya wuce tasha ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Yayanta, Alhaji Moussa, na zaune a gidan ma'aikata 'yan Afirka a Montreuil, kuma ba a rufe Raliatou ko a ɗaga ta sai da yawunsa. Ya tarar da shi a ɗaki mai warin shayi da jiƙaƙƙun takalma, mutane sun kewaye shi suna ta'aziyya.

"Malam Illiassou, ya haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

"Allah ya jiƙanta. Ai da ka jira mu, gobe da safe muna tafe. An gama ramin?"

"An gama. Shi ya kawo ni." Ya durƙusa kusa da shi. "Yaya, ramin rijiya ce. Ruwa za ta kwanta a ciki. A nemo mata wuri a nan Paris."

"Na tambaya tun jiya. Ba nan take zaune ba, ba nan ta rasu ba. Sun ƙi."

"To a kai ta gida. Rairayin Mirya ko tulu ka juye masa, kafin ka juya ya bushe."

Alhaji Moussa ya ajiye kofinsa. "Ka san yadda ake kai gawa gida? Takardu sai sun ci mako da wani abu, ita kuwa tana cikin firjin asibiti. Su ɗura mata magani a jijiya, su liƙe ta a akwatin ƙarfe da dalma, su jera ta da jakunkunan matafiya. Sanyin kake guje mata, ka ce a bar ta cikin ƙanƙara?"

"Mako ɗaya ne, Yaya. Wancan kuwa har tashin ƙiyama."

"Ƙasa duk ta Allah ce."

"Tasa ce, amma ba iri ɗaya ya yi ta ba."

Wani tsoho a gefe ya yi tsaki a hankali. "Ka ji boko. Har kabari sai an yi masa aji."

"Baba, na sha shiga irin ramin nan da ƙafata," in ji Illiassou. "Yumɓun gindin ba ya barin ruwa ya wuce. Na auna shi, na rubuta littafi a kansa. Akwatin katako ne, ba zai..."

"Isa haka." Alhaji Moussa ya dafa kafaɗarsa, kuma sai yanzu Illiassou ya ga idanun mutumin sun yi ja kamar garwashi. "Ƙanwata ce kafin ta zama matarka. Na yi waya da Inna. Ta ce inda rai ya fita nan ake rufewa, kada a wahalar mata da ɗiya. Kai za ka kira ta ka ce mata a'a?"

An ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk mutanen ɗakin nan za su kwana cikin wannan duhu lafiya lau, Illiassou kaɗai aka bari da fitila.

Washegari aka yi mata salla a harabar maƙabarta, iska na ratsa riguna. Mai haƙa ya cika alkawarinsa: ramin a kwashe yake, har ya watsa ciyawa a gindi don kunya. Aka zura akwatin da igiya. Da ya sauka sai aka ji wata 'yar ƙara, irin ta ƙafa in ta taka bakin tafki. Ba wanda ya ɗaga kai sai Illiassou.

Mutane suka matsa don miji ya fara zuba ƙasa. Bai nufi tsibin da aka haƙo ba. Ya zaro jakar rairayin nan daga aljihun babbar rigarsa ta sanyi. Abin da ya rage bai cika ƙwarya ba, har da sawun yatsunta a samansa. Ya damƙa ya zuba, ya sake, ya sake. Rairayin ya sauka kan katako da sautin gero a faifai, ja, busasshe, baƙo. Tsohon nan na Montreuil ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji Moussa ya riƙe masa hannu.

"Na gonar Baba ne?" Alhaji ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Shi ne."

Alhaji ya karɓi jakar ya zazzage sauran, har ya buga gindinta da yatsa. Rairayin bai rufe ko rabin murfin ba. Gefensa ya riga ya fara yin duhu don danshi.

Sannan kowa ya ɗebi ƙasar wurin. Illiassou ma ya sunkuya ya damƙa. Kafin ya ankara babban yatsansa ya murza ta a kan manuni, yadda ya saba a gonaki: santsi, babu tsakuwa, ta miƙe kaɗan ta karye. Hannun ya ba da amsa ba tare da an tambaye shi ba. Ya san sunanta, ya san ajinta, ya san abin da za ta yi in an jima.

Ya saki damƙin.

Da aka shafa fatiha jama'a suka nufi famfon bakin ƙofa. Alhaji Moussa ya waiwayo.

"Malam, zo ka wanke hannu."

"Ina zuwa, Yaya."

Ya tsaya yana duban tafinsa. Tsakanin yatsu, ƙarƙashin taɓon, akwai 'yan ƙwayoyin rairayi da suka maƙale. Ya dunƙule hannun ya sa a aljihu, inda akwai ɗan ɗumi. Daga kan tuddai yayyafi ya fara saukowa.