Kunnen Fanna

Ranar suna aka huda wa 'yata Fanna kunne, kamar kowace ɗiya mace. Na dama ya warke. Na hagu ya fito da ɗan ƙari kamar ƙwayar gero, yana girma tare da ita, har ta shekara biyar yana reto kamar goro. Shu'ibu wanzami ya sa masa aska sau biyu, sau biyun yana dawowa ya fi da. Yara suka sa mata Mai Goro, ta daina fita ƙofar gida.

Ruwa bai sauka daga fadama ba na goya ta muka shiga kwalekwale zuwa asibitin Hadejia. Likitan Bature ne. Ta bakin malamin asibiti ya ce ba mugun ƙari ba ne, jikinta ne haka, duk inda aka ji mata rauni sai nama ya yi yawa. Ya shaƙa mata maganin barci, ya cire, ya tattara ɗan naman da ya saura ya ɗinke, har kunne ya fito da siffarsa. Ranar da za a sallame mu ya sa aka maimaita mini sau uku.

"Kada a sake huda shi. Ko ta girma."

Na faɗa wa mijina Umara, na faɗa wa mahaifiyarsa, Iya Yelwa. Iya ta ce Nasara bai san mace ba, ina aka taɓa ganin yarinya da ɗan kunne guda kamar akuyar da aka yi wa shaida.

Shekara guda kunnen nan lafiya lau. Ana gab da Sallah na tafi yankan shinkafa, na bar Fanna a gida. Da na dawo ta taro ni da gudu, baƙin zare a kunnen hagu, man shanu yana naso.

"Inna, kin gani? Ni ma zan sa biyu."

Na zare zaren. Iya tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce mini:

"Ke yarinya, matan garin nan ni na huda su. Har uwarki."

Umara ya ce in bar maganar, uwa ce.

Kafin bazara ƙarin ya dawo. Na koma asibiti. Likita ya ga tabon allura, ya dube ni, na san abin da yake zato, ban kuma ce ba ni ba ce. Ya ce yanzu babu naman da zai yi gyara da shi, in an cire sai dai ƙasan kunnen ya tafi gaba ɗaya. Na ce a cire.

Fanna tana ɗaura ɗankwali har wuya yanzu, ko cikin zafi. Iya kuwa a bakin rijiya take gaya wa mata cewa wuƙar Nasara ce ta cinye kunnen jikarta, ni na kai ta. Kullum da safe nakan durƙusa in miƙa mata koko, in tambaye ta yadda ta kwana.