Gadon Bayan Bikili

Mai gyaran ƙashi ta hau kan akwatinta na katako, ta ɗora tafin hannu biyu a gadon bayan dokin, ta danna da sauri sau ɗaya. Wani abu ya yi ƙas. Baban barga, wanda ke riƙe da ragama, ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

"Za ki karya shi," ya ce.

"Ba zan karya shi ba, Baba. Sassauta masa igiyar kaɗan."

Bai sassauta ba. Shekara goma sha huɗu yana kula da Bikili a wannan makarantar koyon hawan doki. Shi ke wanke shi, shi ke kankare masa kofato, shi ke hawansa kowace safiya ya zagaya fili da shi kafin yara su iso. A fili kowane yaro na iya hawan Bikili lafiya lau, amma a cikin barga bai yarda da hannun kowa ba sai na Baba. Likitan dabbobi ma yana da tabon haƙoransa a damtse, kuma babu labarin da Baba ya fi jin daɗin bayarwa kamar wannan.

Wata biyu ke nan Bikili ya ƙi sirdi. Da an ɗora sai ya lanƙwashe baya ya kwantar da kunne, makon jiya kuma ya kayar da wata yarinya. Likita ya duba ƙafafu huɗu bai ga komai ba. Manaja ya ce magana ɗaya ce: zai kira wannan mai gyaran ƙashin bayan dawakin, in ta kasa, akwai mai amalanke da zai zo ranar Asabar ya tafi da shi jan kaya.

Baba na son dokin ya warke, wannan ba tantama. Amma Allah ya yafe masa, tun da ta shigo da akwatinta yake jiran cizon.

Cizo bai zo ba. Ta bi ƙashin bayan gaɓa-gaɓa da 'yan yatsu, tana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa, ta matsar da akwatin ta danna ƙugu. Bikili ya ja dogon numfashi ya sake. Leɓensa na ƙasa ya saki, idanunsa suka lumshe, ya fara tauna ba komai a baki. Da ta sauko ta zagayo gabansa, sai ya miƙa wuya ya ɗora haɓarsa a kafaɗarta.

Baba ya ƙara damƙe ragamar. Shekara uku ya yi yana lallashi kafin ya sami wannan haɓar, ga wata ta samu kafin shayin manaja ya huce.

Malamin hawa, wanda ya jingina da ƙofar barga yana kallo, ya yi dariya. "Kai, Baba! An ƙwace maka mutuminka da rana tsaka."

"Barci yake ji," in ji Baba. "Ko a kan turke ma zai ɗora kai."

"To, yau dai ya sami turke mai kyau."

Baba ya juya masa baya. Dama haushin malamin nan yake ji, da takalmansa masu ƙyalli da zamansa a sirdi kamar an dasa shi da ma'auni.

"Baba, ja shi zuwa bakin ƙofar fili ka dawo," ta ce. "A hankali, a miƙe."

Ya ja shi suka tafi suka dawo. Tafiyar dokin ta sauya, ko maƙiyi ya gani, ƙafar baya na sauka daidai inda ta gaba ta tashi. Ta ce a sake, ya sake. A zuwa na uku ne Baba ya waiga ya lura ba dokin take kallo ba, shi take kallo.

Ta roƙi malamin ya je mota ya ɗauko mata jaka. Da ya ba da baya, ta sauke sirdin Bikili daga jikin bango ta kifa shi a kan akwatin. Ta shafa cikinsa. Gefen hagu ya lotse ya yi sumul, na dama kuwa da sauran tudunsa. Ta jawo igiyoyi biyu na likkafa, inda mahayi ke sa ƙafa, ta jera su.

"Ta hagu ta fi tsawo da rami biyu. Wa ke hawa da wannan?"

"Yara na da nasu sirdin. Wannan nawa ne."

"Yaushe ka ji ciwo a ƙugu?"

"Wa ya ce miki na ji ciwo?"

Ta tsura masa ido. Baba ya kawar da kai. Shekara tara da suka wuce wata goɗiya ta matse shi da bango, ƙugunsa na hagu ya goce. Da ya tashi daga jinya ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa yadda ya kamata, sai ya saki likkafar da rami ɗaya, bayan shekara biyu ya ƙara wani. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ce ya tsufa a hana shi hawa.

"Kana zama a karkace, Baba," ta ce a hankali. "Shi kuma yana karkata don ya riƙe ka kada ka faɗi. Kullum, shekara tara. Na mayar da ƙashin yau, zan iya dawowa wata mai zuwa in sake. Amma in dai nauyin nan zai hau shi kowace safiya, zai koma yadda yake."

"Yarinya, kafin a haife ki nake kan doki."

"Na sani. Shi ya sa ya yi ta haƙuri bai taɓa kayar da kai ba."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya dubi Bikili, wanda har yanzu ke bin ta da hanci yana shinshinar hannun rigarta.

Manaja ya taho da waya a hannu, malamin na biye da shi da jakar. "To, yaya? In ce wa mai amalanken ya zo, ko ya fasa?"

"Ya fasa," ta ce. "A ba shi hutun kwana uku, sannan a fara hawa kaɗan-kaɗan."

"Me ya jawo masa? Don ba zan sake ɗora 'yar mutane a kan abin da ban san kansa ba."

"Sirdin nan ne ya lotse. A kai shi gyara."

Manaja ya ɓata fuska. "Sirdi kawai? In ya sake kayar da wani fa, ba zan kira kowa ba sai mai amalanke."

Baba ya gane rufa masa asiri take yi, kuma wannan ne ya fi ƙona shi. Ta shigo da safe ta kwashe dokinsa, yanzu har kunyarsa za ta ɗauka ta tafi da ita a mota, ya zauna yana mata godiya. Kuma in ya yi shiru, hutun na ƙarewa zai sake hawa, ya san kansa.

"Ba sirdi ba ne," ya ce. "Ni ne. Ƙuguna a goce yake, ni na karkatar da shi."

Malamin ma dariyarsa ta ɗauke.

"To wa zai riƙa motsa shi da safe?" in ji manaja.

Baba ya nuna malamin da haɓa, ba tare da ya kalle shi ba. "Ga mai takalma nan. Zamansa daidai ne. Amma ya sani, in ya ja masa linzami da ƙarfi, ni da shi ne."

Kafin ta tafi ta ciro karas daga jakar, ta nuna masa yadda zai riƙa miƙar da wuyan dokin: ya riƙe karas a kusa da haƙarƙari, dokin ya lanƙwaso ya ɗauka, dama sau biyar, hagu sau biyar, safe da yamma. Baba ya karɓa ba ko godiya. Ta ɗauki akwatinta, motar ta fita.

Da barga ta yi shiru ya tsaya a gefen dama ya miƙa karas ɗin. Bikili ya lanƙwaso ya ɗauka. Ya koma hagu, gefen da dokin ya daɗe ba ya iya juyawa, sai ga shi ya lanƙwaso har hancinsa ya taɓa haƙarƙari. Yana gama taunawa ya ɗaga kai sama da kafaɗar Baba, ya kafe kunnuwa wajen ƙofa, ya yi wata 'yar haniniya.

"Ta tafi, munafuki," in ji Baba. Ya goge ido da bayan hannu, ya karya wani karas ɗin. "Juyo nan. Saura huɗu."