Jan Biro Ya Taɓa Labari

A maɗaba'ar da ke bayan tashar mota, ba wanda ya raina littattafan soyayya kamar mutumin da yake cin abinci da su. Jan Biro ake ce masa, don shi ne mai gyaran rubutu, kowane littafi sai ya bi ta teburinsa kafin ya shiga inji. A 'yan shekarun nan marubuta sun kama yayin labari guda: masoya su rabu a babi na biyu, su sake haɗuwa a asibiti bayan furfura ta fara leƙowa, a sha kuka, a ɗaura aure. Jan Biro yakan ce shi a rayuwarsa bai ga abin da ya tafi ya dawo ba sai ciwon baya.

Wata safiya mai inji ya dire masa wani sabon aiki. Da ya ga sunan marubuciyar, sai da ya cire tabarau ya goge. Ita ce yarinyar da ya nema shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Ya yi ta ce mata ta dakata ya sami aiki mai tsoka, ta dakata har ta gaji, ta auri wani ma'aikacin banki. Ya ji labarin ta zama malamar makaranta, ya kuma ji mijin ya rasu.

Ya fara karantawa. Jarumar littafin malama ce, mijinta ya rasu, zuciyarta kuma tana wajen wani mutum da ya yi mata jinkiri tun suna matasa. Jan Biro ya tsallake kurakurai uku bai gan su ba. A ganinsa, a duk faɗin garin ba wanda ya yi wa mace jinkiri sai shi.

Sai dai Malama ta ɗan ruɗe. Ta ba jarumin babur, alhali shi Jan Biro keke yake da shi a lokacin. Ta ce ruwan sama ne ya tare su a kantin magani suka fara magana, alhali a laburare ne, kuma rana ake ƙwallawa. Ta ma ba shi wushirya. Jan Biro ya shafa haƙoransa da harshe, ya yi mata uzuri, shekaru ba wasa ba ne.

Ƙa'idar aikin ita ce mai gyara ya taɓa harafi da waƙafi, labari kuwa na mai shi ne. Jan Biro ya sha yi wa sababbin ma'aikata wa'azi a kan haka. Duk da haka ya bi littafin shafi-shafi, duk inda babur ya fito ya soke ya rubuta keke, ya rushe kantin magani ya gina laburare, ya toshe wushiryar. Aka aika mata ta duba.

Ranar da za ta zo, ya sa sabuwar hula.

"Jan Biro, yau waƙafi ne zai yi aure?" in ji mai inji. "Wannan turaren ya fi ƙarfin warin tawada."

"Kai dai kula da injinka."

Ta shigo da takardun a hannu. Ta yi ƙiba kaɗan, tafiyarta dai tana nan. Suka gaisa, ya yi mata ya haƙuri, ta tambayi lafiyar yayarsa. Sannan ta ajiye takardun a teburin.

"Malam, ina ka kai mini babur?"

Ya yi murmushin da ya kwana biyu yana gwadawa. "Keke ne ai, mai kwando a gaba. Kin manta sarƙar ta taɓa cin bakin zanenki?"

Ta dube shi, ta dubi hular. Ya ga fuskarta ta yi laushi, irin laushin da ake yi wa mara lafiya.

"Babur ne, Malam. Yana nan ma a ajiye a gidansa."

"Gidan wa?"

"Mai kantin maganin." Ta gyara mayafi. "Lokacin da ka ce in dakata, shi ma ya zo, shi ma ya ce in dakata. Ba kai kaɗai ka iya jinkiri ba. Wata mai zuwa za a ɗaura, in Allah ya yarda. Littafin kyauta ce zan yi masa."

Injin ya yi shiru, alamar mai inji ya kasa kunne.

"Allah ya sanya alheri," in ji Jan Biro. Muryar ta fito daidai, abin ya ba shi mamaki. "To me ya sa kika kawo shi nan? Maɗaba'a ta cika gari."

"Kowa ya ce ba ka barin kuskure ya wuce."

Ya jinjina kai. Yabo ne, kuma gaskiya ne. Ya juya biron a hannunsa.

"Keken fa, ko a shafi ɗaya? Ko wani ne ya wuce a kai?"

Ta yi tunani da gaske, har ya fi son a ce ba ta yi ba.

"Ka yafe ni, Malam. Wallahi na manta kana da keke."

Bayan ta tafi, mai inji ya zo ya tsaya a bakin teburin, ya buɗe baki, ya ga babu tsokanar da za ta shiga, ya koma.

Jan Biro ya cire hular ya sa a aljihu. Ya jawo takardun ya fara daga shafin farko, yana soke rubutunsa da hannunsa. Babur ya dawo, ruwan sama ya sake sauka, wushirya ta buɗe. Kurakuran nan da ya tsallake ya gano su ya gyara. A babin ƙarshe, inda jarumin ya tsaya a ƙofar gidan Malama ya yi sallama ta amsa, ya karanta sau biyu yana neman abin gyara. Babu. Ya rubuta "a buga" a ƙasan shafin, ya miƙa wa mai inji.